WAYAR SALULA DA SIRRIN FALKE: KIRAN DA BA MU NEMA BA

A wannan fitowa za mu ajiye batun farashi da takardun duwan, mu yi maganar waya. Tun bayan Babbar Salla koke-koke suke iso mana daga Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, har da ƴan uwanmu mazauna Agege, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: waya ta hana mutum sakat. Wani a kira shi tsakiyar ciniki a ce ya ci mota. Wani ya sa kati da safe, kafin azahar ya tarar an zaftare rabi ba tare da ya kira kowa ba. Wani kuwa, Allah ya kiyaye, kuɗin shanu guda aka kwashe masa yana zaune bisa tabarmarsa.

Waɗanda suka kai shekarunmu sun tuna yadda muke yi da can. In kana son sanin kuɗin sa a Ikko, sai dai ka jira direba ya dawo, ko ka ba shi wasiƙa ko kasat ya kai wa maigidanka, ko ka je telesantar ka bi layi, ka biya minti biyu da tsada. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, a rediyo muka ji, kuma sai da aka yi kwanaki kafin wasu kasuwannin daji su san abin da ake ciki. A 2001 ne salula ta shigo Nijar da Najeriya duka. Ba mu musun alherinta. Yau kana tsaye a Dakoro kana jin yadda Potiskum ta ci ranar Laraba. Amma ƙofar da alheri ya shigo ta nan, ita ce ɓarawo ya gani a buɗe.

Masu talla

Mu fara da mai sauƙi. Akwai kira da saƙonnin da kamfanonin waya da abokan hulɗarsu suke aikowa: waƙar da mai kiranka zai ji, sakamakon ƙwallo, cacar lambobi, addu'ar kullum, tayin bashi. Waɗannan ba ɓarayi ba ne a shari'ance, talla suke yi. Matsalar ita ce yadda ake shiga. Murya ta ce ka danna 1, ko wani rubutu ya faɗo bisa fuskar waya da Faransanci ko Turanci, kai kuma kana sauri ka kawar da shi don ka kira dillali, sai babban yatsa ya faɗa kan amincewa. Shi ke nan ka shiga. Daga ranar kullum ana cire ɗan abu kaɗan, dala biyar, dala goma, ko naira ashirin. Ba ya zafi a rana ɗaya, shi ya sa mutum yakan yi wata shida bai lura ba. Mu kuma da yawanmu layi biyu ko uku gare mu, kowane da nasa ƙudan da ke tsotsa.

A layin Najeriya maganin yana da sauƙi. Tun 2016 hukumar sadarwa ta can, NCC, ta tilasta wa dukkan kamfanoni su buɗe lamba 2442. Ka rubuta kalmar STOP, haruffa huɗu, ka aika wa 2442, kyauta ne, za a rufe maka tallace-tallacen. In ka rubuta STATUS ka aika, za a faɗa maka ko an rufe. Abin da ka riga ka shiga kuwa ana cire maka kuɗi, ka danna *305# ka ga jerinsu ka fita. Tun 2023 an daidaita lambobin nan a kowane kamfani, kuma 300 ita ce ta kiran ofishinsu. In ka kai kuka ba a share maka hawaye ba, sai ka kira 622, wannan ta hukumar ce da kanta. Abu guda za ka lura da shi: bayan ka rufe, ka duba ko saƙon bankinka yana ci gaba da zuwa, don wani lokaci rufewar takan taɓa saƙo mai amfani.

A layin Nijar, Kamaru ko Cadi, hanyar da muka ga ta fi ita ce ka taka da ƙafarka zuwa ofishin kamfanin, da katin shaidarka, ka ce a karanto maka duk abin da layinka ya shiga, a cire shi a gabanka. Kada ka ji nauyi, ba alfarma kake roƙo ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sake ta a 2022, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa wannan aiki a Yamai, HAPDP. Najeriya ta yi tata a 2023. Dokokin duka sun ba mutum haƙƙin ya ce bai yarda a yi amfani da lambarsa wajen talla ba.

Ina suke samun lambarmu?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma amsar ba ta da daɗin ji: yawanci mu muke bayarwa. Sana'armu ta jama'a ce. Lambar falke tana rubuce a littafin fatoma, a rasit ɗin kara, a takardar lodi, a hannun ɗan kamasho, a wajen ɗan canji, a littafin mai POS, wani ma ya rubuta ta da fenti a ƙofar garkensa. Ga ƙungiyoyin WhatsApp na cinikin dabbobi, inda mutum ɗari biyu ko uku suke, kuma duk wanda ya shiga yana ganin lambar kowa. Mun taɓa tambaya a wata ƙungiya wa ya san mutum goma da muka nuna, ba a samu wanda ya san su ba, har da wanda ya buɗe ƙungiyar.

To daga lamba zuwa suna fa? Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Mutum ya kira ka da cikakken sunanka har da na mahaifinka, sai ka ce lalle wannan daga banki yake. Alhali a Najeriya duk wanda ya sa lambar asusunka kamar zai turo maka kuɗi, sunanka zai fito masa kafin ya tura ko kwabo. A asusu irin na OPay kuwa, lambar wayarka ce lambar asusun, sifirin farko kawai ake cirewa. Ke nan wanda ya kwafi lambarka daga rasit, cikin minti ɗaya ya san sunanka. Ƙara da manhajojin da ke nuna sunan mai kira, waɗanda suke tattara sunaye daga wayoyin mutane. Ko kai ba ka taɓa sa irinsu ba, in yaronka ya sa, kuma ya ajiye ka da “Alhaji Mai Shanu”, to da wanga suna za ka iya bayyana ga wanda bai taɓa ganinka ba. Sanin suna ba shaida ba ne na komai.

Akwai kuma manhajojin ba da bashi na waya. Kafin su ba ka ɗan abin da bai kai kuɗin akuya ba, sai sun nemi izinin shiga sunayen da ke cikin wayarka. Ranar da ka yi jinkirin biya, surukinka da limaminku za a kira a ce kai macuci ne. Abin ya yi yawa har kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa sunaye da hotunan mutane a 2023, amma waɗanda ake turowa ta WhatsApp a ce ka sauke, babu mai tsaronsu. Falke da mutunci yake cin abinci. Ka ja wa yaranka kunne, don in ɗayansu ya ci irin wannan bashi, lambarka tana cikin na farko da za a kira.

Lambar da ba a faɗa

Yanzu ga babbar magana. Kira zai shigo, murya mai ladabi, Hausa tsantsa, ba irin ta da ba da ake gane baƙo tun daga sallama. “Ranka ya daɗe Alhaji, daga banki ne. An sami matsala a BVN ɗinka, in ba a gyara yau ba za a rufe asusun. Yanzu za ka ga wata lamba ta shigo, karanto mini ita.” Ko ya ce daga kamfanin waya ne, za a haɗa layinka da NIN. Kuma da yake kowa ya san tun Disamban 2020 ake ta wannan haɗawa, an kuma rufe layukan mutane da gaske a kanta, maganar sai ta yi kama da gaskiya.

Bari mu bayyana yadda abin yake aiki, don wanda ya gane shi ba a sake kama shi. Mutumin nan yana zaune da wayarsa yana ƙoƙarin shiga asusunka ko cire kuɗi daga katinka. Ya sa lambarka. Na'urar banki ba ta san ko kai ne ba, sai ta aiko da wata lamba, yawanci guda shida, zuwa layin da aka yi rajista da shi, wato naka. Wannan lamba mabuɗi ce ta ƴan mintoci. In ta tsaya a wayarka, ɓarawo yana waje. In ka karanta masa, ka miƙa masa mabuɗin da hannunka, kuma a wajen banki kai ne ka buɗe. Shi ya sa yake gaggauta ka, don mabuɗin yana mutuwa da wuri. Duk inda ka ji ana cewa yanzu-yanzu, kada ka kashe waya, kada ka faɗa wa kowa, to ka san da wa kake magana.

Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar wannan lamba, ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ba ya tambayar lambobin da ke gaba da bayan katin. Haka ma'aikacin Nita, Al Izza ko Amana ba zai kira ka ya ce ka faɗa masa lambar karɓar kuɗin da aka turo maka ba. Wannan a gaban kanta ake bayar da ita, da katin shaida a hannu. Mun ga masu ɗaukar hoton rasit ɗin aike gaba ɗaya su jefa cikin ƙungiya don su nuna sun biya. Haba ƴan uwa! Ka aika wa mai kuɗin shi kaɗai.

Irin wannan dabara ce ake sace WhatsApp da ita. A ce maka za a yi taron ƙungiya ta waya, ko za a raba tallafin abincin dabbobi, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Kana karantawa WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, da hotonka da sunanka. Kafin la'asar ya aika wa abokan cinikinka duka: ina hanya, kuɗi sun yanke mini, turo jikka 100 gobe in maido. Su kuma sun san ka da cika alkawari, sai su tura. Amanar da ka yi shekara talatin kana tarawa, ita yake cira. A cikin WhatsApp akwai wurin da ake sa lambar sirri ta biyu, tabbatarwa mai mataki biyu. Ka sa yaro mai karatu ya nuna maka wurin, amma ya juya baya kai ka danna lambar da kanka.

Tirela ta lalace a Mokwa

Wannan ya faru da wani ɗan uwanmu, ya kuma yarda mu faɗa ba tare da suna ba. Ya yi lodin shanu 32, suka bi ta Ɗan Isa da Jibiya suka nufi kudu. Kwana na biyu wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kira shi da baƙuwar lamba. “Maigida, yaron direba ne. Mun tsaya gaban Mokwa, mota ta lalace, wayar oga ba caji. Shanu biyu sun kwanta, in rana ta fito a haka sai dai wuƙa. Ga makanike nan, ya ce sai an tura naira 180,000 zai ɗauko kayan gyara.” Ya faɗi sunan direba daidai, ya faɗi lambar mota, ya faɗi yawan shanu, har ya ambaci jan bijimin da aka sha wahalar hawar da shi. Ɗan uwanmu ya kira direba sau ɗaya, ba ta shiga ba, ka san hanyar nan akwai wuraren da ba sabis. Ya tura. Da asuba direba ya kira shi daga Ilori, suna shan shayi, lafiya lau, ba abin da ya sami mota.

Wa ya yi wannan? Wanda ya tsaya a wurin lodi. Ba sai mai na'ura ba, ido da kunne sun isa. Kuma ya san abin da ke tsorata mai shanu: dabba a cikin mota ba buhun masara ba ce da za ta jira kwana uku. Mu dai abin da muke yi yanzu, muna kuma ba ƴan uwa shawara su yi, shi ne kafin mota ta tashi mu karɓi lamba uku, ta direba, ta yaronsa da ta ɗan rakiyarmu, mu kira kowace a wurin mu ji ta yi ƙara. Sannan mu ware ɗan rakiya gefe mu ajiye wata kalma tsakaninmu, wadda ba ta da alaƙa da shanu, ko sunan wata rijiya ta ƙauyenku. Duk wanda ya kira da sunan mota, a tambaye shi kalmar. Kada ka ce ai na san muryarsa. Yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan saƙon murya da ya taɓa aikawa, ballantana cikin dare da ƙarar iska.

A Islamiyya an karantar da mu tun muna yara cewa labari in ya zo sai an bincika kafin a yi aiki da shi. Bincike a nan bai wuce ka kashe waya ka kira lambar da ka sani ba, sau uku, sau biyar, in ta ƙi ka kira wani direban da ka san yana kan hanyar.

Alat ba kuɗi ba ne

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa a Maigatari da Mai'aduwa ya koma ta turawa. Da shi kuma alat na bogi ya yawaita. Saƙo yana iya zuwa da sunan bankinka, ya ma shiga layi ɗaya da saƙonninsa na gaskiya, don sunan mai aikowa abu ne da ake iya ƙirƙira. Hoton rasit kuwa yaro ma yana iya gyara shi. Kada igiya ta bar hannunka sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. In mai saye ya ce sabis ne ya riƙe, to sabis ya riƙe saniyar ma. Ƙanin wannan shi ne mai kira yana kuka, wai ya yi kuskure ya turo maka kuɗin maganin mahaifiyarsa, don Allah ka maido. Duba tukuna. In da gaske sun shigo, ka ce ya bi ta banki ko ofishin kamfanin a mayar masa ta hanyar da suka zo, kada ka tura wa wata lamba dabam da zai ba ka.

Sai masu bif, abin da ƴan Najeriya ke kira filashin. Akwai lambobin ƙasashen waje masu tsada da ake sa na'ura ta yi ta buga wa mutane sau ɗaya ta katse, wanda ya bi kira sai katinsa ya ƙone cikin minti biyu, su kuma suna da kaso a ciki. Shawarar da ake ba mutanen birni ita ce kada su kula lambar waje. Mu wannan ba ta yi mana, don rabin cinikinmu da lambar waje ne. Sai dai mu haddace namu: 227 Nijar, 234 Najeriya, 235 Cadi, 237 Kamaru, 229 Benin, 226 Burkina, 223 Mali, 233 Gana. Abin da ya fita daga inda kake da abokin hulɗa, bar shi. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

Layin da aka bari, da wayar da aka ajiye

Ga wani abu da ya shafe mu fiye da kowa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, da yawanmu mun jefa layin ƙetare a aljihun wata riga mun manta. Layin da ya daɗe ba ya aiki, kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani. In wannan layi ne ke haɗe da asusunka, to saƙon kuɗinka da lambobin mabuɗin nan duk wayar baƙo suke zuwa. Duk wanda ya san ya yi asarar layi haka, ya je bankinsa a canja lambar. Wanda nasa ke raye, ya riƙa sa masa ɗan kati yana kira da shi lokaci-lokaci. Kuma kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, kada ka ba wani katin shaidarka ya yi rajistar nasa. In ya yi ɓarna da shi, ƙofarka jandarmomi za su buga.

Ranar kasuwa kuma muna miƙa waya ga mai caji mu tafi kara awa huɗu. Yawancinsu yaran kirki ne masu neman halali, amma rumfa ce da hannu ɗari ke shiga. Ɓarawon yanzu bai damu da wayar ba, ɗan layin yake so, don da shi ake iya neman lambar BVN a kuma taɓa asusu ta hanyar danna lambobi. Kowane layi ana iya sa masa lambar kulle ta kansa, dabam da ta fuskar waya, yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba. Hattara dai: in ka yi kuskure sau uku zai kulle, sai da wata lamba guda takwas mai suna PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko 1234, kada kuma ka rubuta lambar a bayan wayar, mun ga mai yin haka.

Abu na ƙarshe da ba za mu tsallake ba ya wuce batun kuɗi. Kowa ya san halin da dajin iyaka yake ciki tsakanin Madarumfa, Jibiya da gabashin Sakkwato. Baƙo ya kira ya ce shi mai saye ne daga kudu, yana son bijimai ashirin, yaushe za ka taso, ta wace hanya, kuɗi a hannu kake so? Wanda yake son shanu, shanu yake tambaya: irinsu, shekarunsu, ƙibarsu. Wanda yake tambayar ranar tafiyarka da hanyarka, ka ce masa ku haɗu a kara wajen fatomanka. Mu kanmu mu rage ɗaga murya a tasha muna faɗin miliyan nawa muka sayar, kuma a gargaɗi iyali da yara kada su faɗa wa mai kira inda Alhaji ya tafi ko yaushe zai dawo.

In ƙaddara ta riga ta faɗa, waya ta ɓata ko ka karanta lambar da bai kamata ba, kada kunya ta sa ka yi shiru har gobe. Ara wayar na kusa da kai, ka kira banki a tsayar da asusun, ka kira kamfanin waya a rufe layin, ka sanar da mutum biyu ko uku su baza wa abokan ciniki cewa kada a tura komai da sunanka, sannan ka kai rahoto wajen ƴan sanda ko jandarma ka karɓi takarda. Wannan duka ba ya yiwuwa in lambobin suna cikin wayar da ta ɓata, don haka a rubuta su a takarda a sa cikin aljihun ciki tare da katin shaida.

A zama mai zuwa bayan sallar la'asar, duk mai son a taimaka masa ya kulle layinsa ko ya rufe talla, ya zo da wayarsa cike da caji, da katin nan da aka ɓalle layin daga jikinsa in yana nan. Za a sami yara biyu masu karatu, ɗaya na Faransanci ɗaya na Turanci.